DARASI: Hayar Ɗaki Ta 'Yan Kwanaki Da Haƙƙin Sanar Da Hukuma

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga abin da ya sami wata ɗalibata a ajin matan aure a nan Rurum Tsohon Gari. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai shago biyu kusa da zaure. Da rani ya yi sai ga wasu mutum biyu, suka ce sayen albasa ya kawo su, suna neman wurin kwana na dare biyar. Suka biya, aka ba su mukulli, ba wanda ya tambaye su suna ko gari. Kwana na uku suka gudu cikin dare, suka bar injin ban-ruwa a ɗakin, ashe na sata ne. Aka zo aka tafi da babban ɗanta. Da ta je wurin mai unguwa tana kuka, tambayar farko da ya yi mata ita ce: "Baiwar Allah, da suka sauka, wa kika gaya wa?" Sai da ta sayar da akuyarta wajen zirga-zirga kafin gaskiya ta yi halinta.

Mece ce hayar 'yan kwanaki?

Ita ce mutum ya ba da ɗaki ko gida don kuɗi na kwana ɗaya, ko mako, ko abin da bai kai wata ba. Ta bambanta da liyafa, wadda hadisi ya nuna kwana uku ce, kuma ba a karɓar ko sisi. Ta kuma bambanta da hayar shekara, inda ɗan haya yake zama ɗan unguwa, kowa ya san shi.

A yankinmu na Rano da Kibiya abin ba baƙo ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 muke ganin masunta, da 'yan noman rani, da masu sayen kayan gwari, da masu zuwa buɗe ido. A birnin Kano kuwa har gidaje ake ƙawatawa da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, ana ba 'yan biki da matafiya, abin da 'yan birni ke kira shotlet. Mata da yawa da suka gaji gidaje suna cin abinci da wannan, kuma halal ne idan an cika sharuɗɗa. A littafin Risala mun karanta cewa haya tana inganta idan an ambaci kuɗin kuma an yanke lokacin.

Yadda iyayenmu suka yi

Da can fatake ba sa sauka inda suka ga dama. Akwai zango, akwai kuma fatoma, wato mai masaukin da zai ba baƙo wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Idan baƙon ya yi ɓarna, fatoman ake nema. Haka nan al'adarmu ce a kai labarin baƙo ga mai unguwa, shi kuma ya kai ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi. Kin ga ke nan, rajistar baƙi ba Bature ne ya koya mana ba. Mu ne muka yi sakaci muka bari.

Wa ke da iko da me?

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, da ƙiyasta gidaje don karɓar haraji gwargwadon yadda majalisar dokokin jiha ta tsara, da kula da shaguna da gidajen abinci, da kwashe shara. Otal-otal ba sa cikin wannan jeri. A watan Yuli na 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa ba otal lasisi hurumin jiha ne. Saboda haka wadda za ta mayar da gidanta masauki kacokan, hukumar yawon buɗe ido ta jiha za ta nufa don rajista, sannan ta sauke abin da ƙaramar hukuma take bin ta. Ita kuma Hisbah, wadda aka kafa da doka a Jihar Kano a 2003, tana sa ido kan masaukai don hana baɗala.

Wadda take da ɗaki ɗaya ko biyu fa? Ita ma ba ta fita ba. Ƙofarta ta farko ita ce mai unguwa, in kuma abin ya zama sana'a, ta sa a tambayo mata a sakatariyar ƙaramar hukuma abin da ya hau kanta.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Tun da kamfanin Airbnb ya fito a 2008, yana haɗa masu gida da matafiya ta intanet, masu gidaje a manyan birane suka gane cewa kuɗin 'yan kwanaki ya fi na shekara tsoka. Sai suka riƙa sallamar 'yan haya, gidaje suka yi wa 'yan gari tsada. Hukumomi suka tashi tsaye. A Landan, tun 2015, ba a ba da gida sukutum fiye da dare 90 a shekara sai da izinin ƙaramar hukuma. A New York ta Amurka, daga Satumba 2023, mai ba da hayar da ba ta kai kwana 30 ba dole ya yi rajista, ya kasance yana cikin gidan, kuma baƙi kada su wuce biyu. A Barcelona ta ƙasar Sifen, magajin gari ya sanar a 2024 cewa za a kawo ƙarshen lasisin gidaje kusan 10,000 zuwa 2028. Ko a Makka, gidan da za a sauke alhazai sai an duba shi an ba shi takardar izini.

Mu lura da wannan. Idan duk ɗakunan unguwa suka koma na baƙi, ina saurayin da zai auri 'yarki zai sami inda zai ajiye ta?

Dalilai uku da suka sa sanarwa ta zama dole

Na ɗaya, haƙƙin maƙwabci. Katangarku ɗaya, rijiyarku ɗaya, 'ya'yanta mata suna wucewa ta ƙofar. Bai halatta ki jawo mata wanda zai cutar da ita don kin karɓi kuɗi ba.

Na biyu, haƙƙin baƙon. In ciwo ya kama shi cikin dare, ko ta Allah ta kasance, wa za a kira in ba a san garinsu ba?

Na uku, kare kanki. Wadda ta sanar ta sami shaida. Kuma aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da bin shugabanni, matuƙar ba saɓon Allah suka sa mu ba.

Abin da za ki yi a aikace

1. Ki shawarci maigida, kuma namiji daga cikin muharramanki ya riƙa yin magana da baƙi.
2. Ki tanadi littafi: suna, gari, lambar waya, abin da ya kawo shi, ranar shiga da ta fita. A duba katin ɗan ƙasa.
3. A kai baƙon gaban mai unguwa kafin ya kwana, ba bayan an sami matsala ba.
4. A yanke kuɗi da kwanaki a gaban shaidu biyu.
5. Ƙofar baƙi da ban-ɗakinsu su zama daban da na cikin gida.
6. Duk abin da kika biya hukuma, ki karɓi rasit ki adana.

Tambayoyi don tattaunawa a majalisi

Mene ne bambancin baƙon liyafa da ɗan hayar 'yan kwanaki? Idan baƙo ya ƙi nuna katinsa amma ya ninka kuɗin, me ya kamata ki yi? Ɗakuna nawa ake bayarwa haka a unguwarku, kuma nawa ne mai unguwa ya san da su?

Ɗalibar tawa ba ta daina ba da hayar shagunanta ba, don da su take ciyar da marayu. Amma yanzu akwai littafi a zaure, kuma ba a miƙa mukulli sai ɗanta ya dawo daga gidan mai unguwa.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya sa albarka a abin da muke nema. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.