Sabuwar Kwamfuta Na Mutuwa Da An Kunna? Ga Abin Dubawa

Duk matashin Tsafe da ya haɗa kwamfuta da kansa, ya ga tana mutuwa da zarar ya kunna, kada ya yi gaggawar kai ta Gusau gyara. Sau da yawa matsalar ƙarama ce.

Ya fara da wuta: ta janareta tana hawa da sauka, don haka ya sa sitabilaiza. Sannan ya zare filogi, ya danna wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8 ta CPU su zauna daram. Ya cire RAM, ya mayar da guda ɗaya, ya gwada. Idan har yanzu tana mutuwa, wataƙila zafi ne: ya duba ko ya ɓare ledar ƙarƙashin fankar CPU.

Ya riƙa canza abu ɗaya-ɗaya, don ya gane mai laifin.