Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Tsohuwar Mota Mai Injin Wankel Don Tsere

Wani mai sauraro ya tambayi abin dubawa kafin sayen tsohuwar Mazda RX-8 domin tseren nishaɗi. Motar, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, injinta ba shi da fistin, sai ƙarafa biyu masu kusurwa uku da ke juyawa, kuma lagonsa shi ne ƙananan sil na bakin kusurwoyin, waɗanda idan suka cinye, matsin iskar da ke ba shi ƙarfi yakan zurare. Wajibi ne makanike ya auna matsin fuskoki shida na ƙarafan biyu da na'ura ta musamman bayan injin ya ɗau zafi. Shan baƙin mai ɗabi'arsa ce, amma motar da ke gardamar tashi da zafinta, gara mai sauraro ya haƙura da ita.