Sallama da Amsa: Yadda Ake Sa Ido Kan Layin Sadarwa

Gabatarwa

Saƙon da aka aika ta intanet ba ya isa inda aka nufa kai tsaye. Yakan bi ta hannun waɗansu na'urori da ake kira rauta, waɗanda aikinsu shi ne zaɓa wa saƙo hanya, kowace ta miƙa wa ta gaba. Idan layin da ya haɗa biyu daga cikinsu ya yanke, mai POS zai kasa biyan kuɗi, cibiyar jarrabawar JAMB kuma ta shiga matsala. To, yaya ake gane cewa layi yana aiki?

Sallama da amsa

Rauta ba ta ganin maƙwabciyarta. Dabararta ita ce ta baƙo a ƙofar gida: ta yi sallama, ta saurari amsa. A tsarin da ake kira OSPF, bisa al'ada rauta takan aika ɗan gajeren saƙon gaisuwa duk daƙiƙa 10. Idan daƙiƙa 40 suka wuce ba ta ji komai ba, sai ta ɗauka layin ya mutu.

A ɗauka akwai rauta uku, a Wurno da Rabah da Goronyo, kowace tana haɗe da sauran biyun. Da zarar ta Wurno ta daina jin ta Goronyo, sai ta karkatar da saƙonni ta Rabah, ba tare da mai saƙon ya sani ba.

Shi kuwa injiniya yakan yi amfani da manhajar ping, wadda Mike Muuss ya rubuta a Amurka a 1983. Ita ma tambaya take aikawa, sannan ta auna lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo.

Lissafin lokacin aiki

Kwana ɗaya minti 1,440 ne. Idan ana aika tambaya duk minti, aka sami amsa 1,368, layin ya yi aiki kashi 95 cikin ɗari, wato ya yi shiru na minti 72. Shekara kuwa awa 8,760 ce. Saboda haka layin da ke aiki kashi 99 cikin ɗari yana iya mutuwa na awa 87.6, fiye da kwana uku da rabi. A kashi 99.9, asarar ba ta kai awa 9 ba.

Abin lura

Shiru yana nuna an sami yankewa, amma ba ya faɗin dalili. Wataƙila waya ce ta tsinke, ko wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare. Wani lokaci ma da gangan ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, domin yaƙi da 'yan bindiga. Don haka injiniya yakan ajiye bayanin lokacin da kowane shiru ya fara da lokacin da ya ƙare, ya kuma gwada ta wata hanyar dabam kafin ya yanke hukunci.

Aikin ɗalibai

1. Mako ɗaya minti 10,080 ne. Idan layi ya yi shiru na minti 252, kashi nawa cikin ɗari ya yi aiki?
2. A misalin garuruwan nan uku, layuka nawa za su yanke kafin Wurno ta rabu da sauran?