Wasiƙar Nasiha ga Matasan da ke Aiki a Kamfanonin Gine-gine

Zuwa ga matasa leburori da birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da direbobin manyan injuna, da ƙananan injiniyoyin da ba su daɗe da barin makaranta ba.

Gini yana cikin sana'o'in da mafi yawan ingancinsu a ɓoye yake, domin da zarar an zuba kankare a kan rodi, an yi wa bulo shafe, an bi da fenti, babu mai iya ganewa da ido ko an cika siminti ko an rage, ko an ɗaure rodi yadda zane ya nuna ko an tsallake wasu, sai bayan shekaru, ranar da bango ya tsage ko bene ya lotsa. Saboda haka kamfanin gine-gine, komai yawan katafilolinsa da tifofinsa, a kan amanar ma'aikatansa yake tsaye, kuma al'adar wurin aiki, wato halayen da ma'aikata suka saba da su har sabon shiga yake kwaikwayonsu ba tare da an koya masa ba, ita ce ke nuna ko abin da aka gina zai kai ga jikoki ko zai rufta a kan 'ya'ya.

Abin da ya sa mai wannan wasiƙa ɗaukar alƙalami, alhali shi tsohon magini ne da ya fi sabawa da cokalin gini, shi ne halin ɗan ƙanensa, saurayi mai ƙarfi da kaifin basira, wanda aka sama wa gurbi a wani kamfani a Abuja, ya bar shi ya koma wani saboda ƙarin da bai taka kara ya karya ba a kuɗin yini, daga can ma ya sake tashi, har ya zama yau yana Gwarinpa, gobe yana Lugbe, jibi an ji ɗuriyarsa a Kaduna, kuma har yanzu ba a iya miƙa masa igiya da ma'auni a ce ya fitar da kusurwar ɗaki shi kaɗai. Tun da irinsa suna da yawa, an ga ya fi kyau a yi maganar a fili, kuma abubuwa huɗu aka yi niyyar ja masa kunne a kansu, su ne amanar aiki, da haƙurin zama a koyi sana'a, da zama da abokan aiki, da sanin haƙƙi tare da ladabin barin aiki.

Game da amana, Musulmi ba ya buƙatar a nemo masa hujja daga nesa, domin a cikin Suratul Ƙasas, inda aka ba da labarin ɗaukar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aikin kiwo a Madyana, siffofi biyu aka ambata ga ma'aikacin ƙwarai, ƙarfi da amana, kuma wa'adin da aka yanka masa shekara takwas ne, in ya so ya cika goma. Matashin yau yana da ta farkon a wadace, ta biyun ce ake jin tsoro a kanta. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a ginin gida na yau da kullum an saba haɗa kankare da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, don haka duk buhun da ya sulale daga sito da dare ya faɗa hannun mai saye a bayan shinge, ginshiƙin wani gida aka zare wa ƙarfi. Haka man gas da ake zuƙa daga tankin gireda, da guntayen rodin da ake sayar wa 'yan gwangwan, da sa hannu a rajista a madadin abokin da bai zo ba. Tun da farashin buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, wannan jarrabawa ta ƙara tsanani, kuma uzurin da ake ji bai wuce cewa kowa ma yana yi, ko kuɗin gwamnati ne, ko kamfani ma ai cutar mutane yake yi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke mayar da haram halal.

Akwai kuma amanar da ba a sace komai a cikinta, amma ana cin ta kullum, ita ce ban-ruwan kankare, kuma a kanta mai wannan wasiƙa ba ya gajiya da magana. Jama'a da yawa sun ɗauka bushewa ce ke sa siminti ƙarfi, alhali haɗuwarsa da ruwa ce ke haifar da sauyin da ke ɗaure yashi da tsakuwa su zama dutse, sauyin da ke ci gaba a hankali, har injiniyoyi suka sanya kwana 28 a matsayin lokacin da ake murƙushe ɗan curin gwaji a na'ura don a san ƙarfin da kankaren ya kai. Idan zafin bazara ko busasshiyar iskar hunturu ta janye ruwan tun da wuri, sauyin sai ya tsaya a rabi, kankaren ya yi kyau a ido, cikinsa kuwa rauni, shi ya sa ake so a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, a rufe shi da buhunan algarara ko leda. Aiki ne da ba shi da tafi, ba ya ƙara tsawon bango, ba a ɗaukarsa hoto, kuma yawanci ƙaramin lebura ake bar wa shi bayan manya sun tashi.

A shekarun da ake tsakiyar gina Abuja, mai wannan wasiƙa ya yi aiki a ƙarƙashin wani heluma, wato shugaban ayarin leburori, mutumin ƙasar Katsina wanda bai yi boko ba, amma yana iya duban kankare a cikin kwanon sarki ya ce ruwansa ya yi yawa, in aka gwada kuma a tarar haka ne. Al'adarsa ita ce ranar Lahadi, da babu aiki, babu Bature, babu kuɗin ƙarin lokaci, yakan hau kekensa bayan sallar asuba ya zo ya taɓa sabon dakin, wato rufin kankare, da tafin hannu, in ya ji shi a bushe ya ja tiyo da kansa, sa'an nan ranar Litinin ya kira yaron da aka bar wa aikin gefe, inda ba mai ji, ya yi masa faɗan da ba zai manta ba. Bai taɓa kai ƙarar yaro ofis a kan kuskuren farko ba, bai kuma taɓa rufa wa ɓarawon siminti asiri ba, ko da ɗan garinsu ne. Idan aka matsa masa ya cire katakon da ke tallafe da dakin kafin ya yi mako biyu zuwa uku, don a yi amfani da shi a wani wuri, sai ya ce a kawo masa umarnin a rubuce da sa hannun injiniya, kuma galibi daga nan maganar take mutuwa. Da yawa daga cikin yaran da suka fito daga hannunsa sun zama helumomi, kuma ana gane su da taɓa kankare da hannu kafin su gaisa da kowa.

Daga wannan mutum ake fahimtar cewa biyayya ga kamfani ba ta nufin amsa “to” ga duk abin da shugaba ya faɗa. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu ma'aikata, har da mai ginin kansa, kuma daga baya jaridu suka wallafa wasiƙar da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta tun watan Fabrairu na 2020 yana janye hannunsa daga aikin. A ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya faɗi a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ma'aikacin da ya ga ana rage rodi ya yi shiru don kada ya ɓata wa maigida rai, bai yi wa maigidan biyayya ba, taya shi haƙa rami ya yi, domin haƙƙin farko na waɗanda za su kwana a ƙarƙashin rufin ne.

Abu na biyu shi ne zama. Kafin zuwan siminti, gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce mai sarautarta, Sarkin Magina, kuma yaro yakan shekara yana kwaɓa ƙasa da mulmula tubali kafin a bar shi ya hau bango, ya ƙara wasu shekarun kafin a yarda ya jera azara ya ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke da rufin soro. Ta wannan hanya aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, aka kuma sami Falke Barmu na Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda masallacin ƙasar da ya fara a 1962 ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Babu ɗayansu da ya kai wannan matsayi ta hanyar sauya maigida duk damina.

Manyan kamfanonin zamani ma a kan wannan tafarki suka ginu. Julius Berger, wanda asalinsa Jamus ne, ya shigo Nijeriya a 1965 don gina gadar Eko a Legas, ya zauna har ya kammala gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 a 1990, ya yi ayyuka masu yawa a Abuja kafin gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991 da kuma bayan haka, ya zo ya gina gada ta biyu a kan kogin Neja tsakanin Asaba da Anaca, kuma har yau yana shirya bikin karrama ma'aikatan da suka daɗe tare da shi. A Arewa akwai Dantata & Sawoe, wanda marigayi Alhaji Abdulƙadir Sanusi Ɗantata ya kafa tare da abokan hulɗa Jamusawa. Ba injuna ne suka riƙe sunan irin waɗannan kamfanoni ba, tun da kowa mai kuɗi yana iya sayensu, mutanen da suka shiga da shebur suka fita da furfura ne suka riƙe shi. A wancan zamani lebura yakan zama mataimakin birkila, ya zama birkila, ya zama heluma, da fara aikinsa kuma sai a san wanda ya koya masa.

Yanzu kuwa sai a ga saurayi a kan tsani, hular kwano a rataye a gwiwar hannu saboda kada ta ɓata masa aski, waya a ɗaya hannun, ana miƙo masa bulo yana kallon bidiyo. A yi masa gyara ya kumbura, ya ce shi ba bawan kowa ba ne, da yamma ya karɓi kuɗinsa, gobe ba a ƙara ganinsa ba. Wanda ya yi haka bai gudu daga bauta ba, daga koyo ya gudu, kuma zai kai shekara 40 yana dakon kwanon sarki a ƙarƙashin sa'o'insa. Adalci dai ya sa a faɗa cewa ba shi kaɗai ne mai laifi ba, kuma nan ne takaicin mai wannan wasiƙa ya fi yawa, domin kamfanoni da dama sun koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun ƙananan 'yan kwangila, babu takarda, babu fansho, kuma lokacin da farashin mai ya faɗi, tattalin arziki ya karye a 2016, gwamnatoci suka kasa biyan 'yan kwangila, an sallami dubban ma'aikata, ciki har da waɗanda ba su taɓa makara ba. Yaron da ya ga an yi wa ubansa haka, da wuya a yi masa wa'azin zama ya saurara.

Magana ta yi tsawo, sauran biyun sai a taƙaice. Filin gini yana haɗa Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi da mai jera tayil daga Togo ko Benin, kuma wanda ke riƙe wa mutum tsani ɗan'uwansa ne a wannan yini, kowane yare yake yi, don haka a guji gulma da kai tsegumi ofis. Haƙƙi kuwa a nemi saninsa: dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, dokar diyya ta 2010 kuma ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Neman waɗannan ta hannun ƙungiyar ƙwadago ba butulci ba ne. Idan barin aiki ya zama dole, a ba da sanarwa yadda doka ta tsara, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar, a mayar da kayan sito cif, a yi sallama da heluma, domin shi za a tambaya ranar da wani kamfani ya nemi shaida.

Abin da ake roƙon ɗan ƙane da ire-irensa shi ne su zaɓi hannu ɗaya na ƙwarai su zauna a ƙarƙashinsa har sana'a ta shiga jikinsu, ko da kuɗin yini na maƙwabta ya ɗan fi. Allah ya shirya su, ya tsare su daga faɗuwa da cin haram, ya ba shugabanninsu ikon biyan haƙƙi a kan kari, ya jiƙan magabatan da suka koyar da sana'ar. Wassalamu alaikum.