Ina zan karanci fasahar sarrafa ƙarfe?

Tambaya: Malam, na gama sakandare, ina son karatun narka ƙarfe da sarrafa shi. Jami'a zan nufa ko kwalejin fasaha?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Da farko ka tambayi kanka: zane da lissafi kake so, ko tsayuwa bakin tanderu? In lissafi ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyancin ƙarafa, shekara 5 ake yi. In aikin hannu ne ya fi jan ranka, kwalejin fasaha ta fi maka: shekara 2 na ND, shekara 1 a masana'anta, sannan 2 na HND.

Kada ka biya ko sisi sai ka tabbatar hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta amince da kwas ɗin, don amincewa da makaranta daban, da kwas daban. Ka je da ƙafarka ka ga ɗakin gwajinsu, ka tambayi ɗalibai ko tanderun yana aiki ko ƙura ta rufe shi.

Amma wajen neman aiki, kada ka dogara da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Mutane sun tsufa suna jiran ta. Kamfanonin narka tsofaffin ƙarafa da na siminti su ne ke ɗaukar ma'aikata yanzu.