Idan Tsohuwar Mota Tana Rawa a Tsaye

Direbobin Golf da Corolla masu zirga-zirgar Gusau, Tsafe da Bunguɗu, idan injin yana karkarwa ko mutuwa a tsaye, kada ku yi gaggawar sauya filogi. A fara jona motar da kwamfuta. Idan ta nuna injin yana ƙara fetur sama da kashi 10, amma adadin ya sauka da zarar an taka totur, iska ce ke kutsawa ta tiyon da zafi ya tsattsaga. Gyaran ba tsada. Idan kuwa rage fetur yake, a duba nozul, a wanke na'urar auna iska, domin ƙurar hunturu tana dame ta. Man bumburutu kuma, don Allah a tace shi kafin a zuba.