Ƙwan Karin Kumallo a Tukunyar Lantarki

Tambaya: Anti, cikin kayan aurena akwai tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali. Ina haɗa ƙwai da dankali a ciki don karin kumallo, amma kullum sai ya yi ruwa tsamo-tsamo. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yata, tukunyar nan ba ta fitar da tururi, duk ruwan da kika zuba yana nan. Don haka ki goge dankalin turawa, ki matse shi sosai a tsumma mai tsabta. Albasa, tattasai da niƙaƙƙen nama kuwa ki soya su tukuna, ki tsiyaye man. Tumatir ɗanye ki bar shi sai an zo ci.

Ki shafe cikin tukunyar da man shanu, ki shimfiɗa dankali, ki bi da naman, sannan ki kaɗa ƙwai 12 da madara kofi ɗaya da gishiri ki kwarara a kai. Sai ki shimfiɗa tawul ƙarami ƙarƙashin murfi ya shanye raɓar da ke ɗigowa. A ƙaramar wuta awa 6 zuwa 7 sun isa, a babba awa 3. Ki soka wuƙa a tsakiya, idan ta fito a bushe ya nuna.

Abin da ya fi damuna shi ne wutar lantarki. Idan kin ɗora da daddare aka ɗauke ta, ƙwai ya kwana da ɗumi-ɗumi, don Allah kada ki ba yara, zubarwa za ki yi. In ba ki da tabbacin wuta, ki ɗora bayan asuba a babba.